Jinin Shanun Jafaru

Litinin, 7 ga Yuli, 1975
Jafaru na Babban Duhu ya sake zuwa. Shanunsa uku sun mutu tun dawowarsu daga kudu. Ni na ɗebi jinin kunnensu a watan jiya, na duba a madubin likita, na ce masa babu sammore, kada ya yi musu allura. Yau bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Malam, su dai ramewa suke yi." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 10 ga Yuli
Laifin madubin nan ne. Tun shekarar samun 'yanci nake fama da shi, sai na karkata ɗan gilashinsa ya kamo rana kafin in ga wani abu. Yanzu damina, ina ranar? Komai dishi-dishi.

Litinin, 21 ga Yuli
Shanun Jafaru da suka mutu sun zama biyar.

Asabar, 2 ga Agusta
An aiko da sabon madubi, mai ƙwan lantarki a ciki. Kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, amma Batsari babu wuta. Na rungume shi har Katsina, wani abokin aikina ya jona mini. Shi ya leƙa ya ce tangaran. Na leƙa, dishi-dishin nan dai.
A mota na rufe idon hagu, bishiyoyi suka narke. Na rufe na dama, duk ɗaya. Shekara goma sha biyar ina malamin dabbobi, da ido nake ci. Tsoro nake ji.

Lahadi, 3 ga Agusta
Matata Zuwairatu ta ce tun bara take ganin ina zuba fura a gefen ƙwarya. Ta ce kunya ta hana ta faɗa.

Laraba, 13 ga Agusta
Na tuna a makaranta an gaya mana wanda ya fara ganin ƙwayoyin cutar nan mai sayar da yadi ne a ƙasar Holan. Shi ya goge gilashinsa da hannunsa, ba likita ba ne. Dariya muka yi a lokacin. Ban san abin da ya dawo mini da wannan ba.

Alhamis, 14 ga Agusta
Ranar kasuwa. Jafaru ya jawo karsana, ƙashi da fata. Na ɗiga jininta a gilashi, na kamo rana da tsohon madubin, sai na ja baya.
"Baffa, zo ka leƙa."
"Ni? Ban yi boko ba."
"Leƙa dai. Me ka gani?"
Ya daɗe a sunkuye. Ya ce wasu abubuwa ne kamar 'yan tsaki, suna ta wutsil-wutsil.
"Da yawa?"
"Ba su ƙirguwa."
Na yi mata allura, gobe zan bi sauran a ruga. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon idona, sannan ya ja karsanarsa.
Na rubuta sammore a littafin aiki. Wurin sunan wanda ya duba, na bar shi babu komai.