Gardamar Lome da Kwatano

Daren Laraba, Tasawa

Da la'asar muka yi gardama da maƙwabcina Alhaji Isuhu: Togo da Benin, ina aka fi jin daɗin zama? Ɗana Laminu yana Lome, nashi yana Kwatano. Na cika baki gaban mutane, na ce Lome ga wuta ga likita, Kwatano kuwa a tasha yaranmu ke kwana. Alhaji ya ce, "Allah shi rufa masu asiri, Malam."

Da na shigo gida, uwar Laminu ta ce, "Aikinshi na Lome ya ƙare tun damina. Yana Kwatano, ɗan Alhaji ke ciyar da shi."

Ashe Alhaji ya sani, ya ƙyale ni. Na kasa cin tuwo. Da wane ido zan gaishe shi gobe?