Tsuntsuwar da ke Littafin Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Ni lafiya lau, sai hannuwana da sabulun wankin otal ya tsattsage. Da sauƙi, kada ka gaya mata.

Na aiko wa 'yata Auta littafi mai hotuna, labarin tsuntsuwar da ta tafi neman abinci ta bar ɗanta a sheƙa. Lokacin da na saye shi mai shagon na shirin rufewa, ban duba ƙarshensa ba. Tun da na aika hankalina bai kwanta ba.

Don Allah ka riga ta buɗewa. In uwar ta dawo, ka karanta mata sau biyu. In ba ta dawo ba, ka rufe littafin, ka ce mata tana hanya.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka