Ruwan da Chardak Ya Sha

Asabar, 26 ga Agusta

Na sake yin mafarkin nan. Ina kan allunan zamiya bisa ruwa, igiya a hannuna, jirgin ruwanmu Chardak yana ja na a tsakiyar tafki, ruwan kwance lumui. Mijina Duishon na riƙe da sitiyari. Ƙeyarsa kawai nake gani, da kunnuwan nan nasa da rana ta ƙona. Na yi ta kira ya waiwayo, bai waiwayo ba.

Da na tashi na leƙa ta taga kamar kullum. Jirgin yana nan inda mai shi ya bar shi kafin ya rasu, ɗaure jikin jarkarsa mai yawo a ruwa, fari, yana ɗan kaɗa kai.

Litinin, 28 ga Agusta

Ermek ya zo, ƙanin Duishon. Bisa al'adarmu, a takarda kawai nake iya faɗin sunansa, a baki Auta nake ce masa tun ranar da aka kawo ni gidan nan, ga shi yau har da furfura. Ya sha shayi, ya cinye min rabin kwanon borsok, soyayyen burodin nan namu, sannan ya ce dattawa sun sa sadakar shekara Asabar ta farko a Oktoba. Za a yanka doki, a yi sauka, a raba kayan mamaci, ni kuma in cire baƙaƙen kaya.

Ya yi ta juya kofi, daga baya ya kira ni yadda ƙanin miji ke kiran matar wansa ya ce, "Jenge, ke matar yayana ce, ba zan ɓoye miki ba. Jirgin nan ya gama. Bara ma tafiyar saniya mai ciki yake yi." Wai injin zai ɗora wa kwalekwalensa na su, gangar jikin kuma a kai garke tumaki su riƙa shan ruwa a ciki.

Na ce kai ne za ka sha ruwa a ciki, mai ƙaton kai. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Mun tsaya a kan haka: in Chardak ya tashi bisa ruwa ya yi gudu irin na da kafin ranar sadaka, nawa ne, ba mai taɓa shi. In bai tashi ba, na tumaki ne.

Laraba, 30 ga Agusta

Tumaki. Jirgin da baƙi ke jeruwa a bakin yashi suna tafa masa.

Lahadi, 3 ga Satumba

Mun gwada shi, ni da Auta da Zoya. Zoya Petrovna ƙawata ce tun muna 'yan mata, tare muka yi wasan zamiya a gidan hutun ma'aikata, lokacin da Duishon ke jan mu. Ubanta maƙerin jirage ne, a cikin ƙurarsu ta girma. Yanzu kwankwaso ya hana ta sakat, bakin ne kawai ya rage, shi kuwa bai tsufa ba.

Injin bai ba mu kunya ba. Auta ya gauraya fetur da baƙin mai, ya ja igiya, ya yi tari, ya kama. Shuɗin hayaƙin nan ya taso, na juya fuska don kada su ga idona. Warin Duishon ke nan, warin rigarsa.

Amma da Auta ya tura totur, sai jirgin ya ɗaga hanci sama ya tsuguna da baya, yana ta nishi yana turo ruwa a gabansa. Inji na ihu, mu kuwa muna wuri ɗaya. A da kafin ka gyara zama ya kwantar da hanci ya haye saman ruwa, sai ka ji kamar ba ya taɓa komai. Yau da muka zo kwana sai da na riƙe gefe, ya karkata a kasalance, ya daɗe bai dawo daidai ba.

Da muka fito Zoya ta tsaya tana ƙare wa bayan jirgin kallo. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Talata, 5 ga Satumba

Zoya ta zo da cokalin shayi a aljihu. Muka jawo jirgin bakin yashi, ta bi shi tana ƙwanƙwasawa tana kasa kunne. A gefe ƙas-ƙas. A daɓen ciki da allon baya, inda ake ɗaura inji, sai ka ji dum, kamar kankanar da ta wuce nuna. Ta sa Auta ya danna ƙafar injin, na ga allon baya yana lanƙwasa da idona.

Ta ce, "Asylkan, yaushe rabon da a fitar da shi tudu ya kwana biyu?"

Na ce ba a taɓa ba. Tafkinmu ai ba ya daskarewa, ko ana tsakiyar hunturu. Duishon cewa yake mutanen da ƙanƙara ke korar wa jirage su ne abin tausayi, nasa kuwa a gadonsa yake kwana rani da sanyi. Kowa a layinmu haka yake yi.

Ta ce shi ya sa duk jiragen layinku suka mutu. Wai a ƙarƙashin daɓen akwai soso mai tauri da ke sa shi yawo, a cikin allon baya kuma akwai katako. Shekara da shekaru ruwa na shiga ta ramin kusoshi, ba a taɓa barinsa ya tsane ba. "Rabin tafkin nan yana cikinsa. Sai an yanke daɓen."

Na ce ba mai sa zarto a daɓen nan. Da hannunsa yake shafa masa shuɗin fenti duk bazara, yana waƙa, muryar ba daɗi. Kuma waye ya fi Duishon sanin jirgi a gaɓar nan? Ta ce tuƙi ya sani, wannan ba ta musu. Muka rabu ba sallama.

Juma'a, 8 ga Satumba

Tuffa ta fara zubowa. Ban tsince ba.

Na zauna a cikin jirgin da hantsi, ruwa na ɗan lasar gefensa. Duwatsun tsallake sun yi farar hula, suna reto a sama kamar ba abin da ya riƙe su. Na tuna shekarar da na daina zamiya. Ina cikin ruwa har wuya, alluna a ƙafa, na ɗaga masa hannu, ya tura totur, jirgin ya ja ni ya ja ni bai fid da ni ba. Ruwa ta hanci, ruwa ta baki. Muka sake, haka. Ga baƙi a bakin yashi suna kallo. Ya juyo yana dariya ya ce, "Uwargida, borsok ɗin nan dai ya fara nuna kansa a jikinki."

Wasa yake yi, na sani. Ni ma na yi dariya. Da muka koma gida na ɗora allunan a saman rumfa, ban sake sauko da su ba. Na daina cin burodi da yamma har tsawon shekaru, bai ma lura ba. Shi kuma ya yi ta canza fulogi da farfela yana cewa inji ne ya tsufa.

Me ya kawo wannan yau, oho.

Asabar, 9 ga Satumba

Na aika wa Zoya kwalbar zuma. Na ce ta zo da zartonta.

Alhamis, 14 ga Satumba

Sai yau na iya rubutawa.

Mun ɗora shi kan tsofaffin tayoyi a gindin tuffa. Auta ya kawo maƙwabta, suna ta mamakin nauyinsa, ɗaya har ya ce ko gawar raƙumi muka ɓoye a ciki. Zoya ta huda daɓen da ɗan ƙaramin rami tukuna. Ruwa ya ɓulɓulo, ja-ja kamar shayin jiya, ga wari. Sannan aka sa zarto. Ban tafi ba, na tsaya na kalla, shuɗin fentin yana tashi gari-gari.

Soson ya zama kamar burodin da aka jiƙa. Da hannu muka riƙa kwasa muna cika bokiti. Ni ke kaiwa bayan gida, bokiti bayan bokiti, har kafaɗuna suka mutu. Katakon allon baya kuwa da cokalin nan Zoya ta kwashe shi, ya zama ƙasa. Ta ce da ranar nan ya yi gudu, da injin ya ɓalle ya tafi da bayan jirgin gaba ɗaya, mu kuma mu bi shi.

Ina ɗauke da wani bokiti sai na tsaya cak. Na ce Zoya, tun yaushe kike ganin ya fara yin nauyi haka? Ta ce wannan ba aikin shekara goma ba ne, ya fi. Ta dube ni, ta dubi bokitin, ta gane. Ta ce, "Wawiya. Ke da kike kamar sandar rake a lokacin."

Na ajiye bokitin na shiga ɗaki. Kuka na yi niyya, sai ga dariya, sai kuma kukan ya zo daga baya. Raina ya ɓaci da shi, wallahi ya ɓaci. Mutum yana kabari ba dama ka ja kunnensa.

Laraba, 20 ga Satumba

Iska na shanya shi. Zoya ta ce gangar jikin ba abin da ya same ta, mutanen wancan zamanin ba sa rowar kaya, sun zuba ta da kauri, za ta binne mu duka. Mun yanka sabon katako, mun shafe shi da ƙaron nan mai hawa kai, mun naɗe da ƙyallen gilashi. Hannuwana sai ƙaiƙayi suke.

Auta kullum yana nan da sunan ya zo duba kwamin tumakinsa. Shi ya riƙe katako, shi ya ɗaure kusoshi, shi ya je garin Cholpon-Ata neman sabon soso. Na ce Auta, ka san kanka kake cuta? Ya ce, "Jenge, so nake in gyara musu shi da kyau, tumakina 'yan gayu ne."

Litinin, 25 ga Satumba

Ba mafarki kwana biyun nan. Gajiya ce.

Shuɗin fenti ya ƙare a kanti. Na sayi kore.

Lahadi, 1 ga Oktoba

Mutum huɗu suka kai shi ruwa, a da kuwa sai an tara layi. Ya zauna a sama kamar kwanon da ba komai a ciki, har layin datti na da ya fito fili, tafin hannu guda sama da ruwa.

Auta ya nufi sitiyari, Zoya ta tare shi da sandarta. Ta ce mai jirgi ta tuƙa jirginta. Na ce ban taɓa ba, kullum ni a baya nake, a ƙarshen igiya. Ta ce to yau ki ga yadda gaba take.

Na tura totur a hankali. Ta ce tura mana, ba jariri kike shafawa ba. Na tura duka.

Ya ɗaga hanci, na ce shi ke nan, tumaki sun ci. Sai na ji bayansa ya taso, hancin ya kwanta, ƙarar ruwan ta canza ta koma wani siririn shuu. Nauyi ya bar komai. Gaɓa ta fara gudu baya, itatuwa, rufin gidana, jarkarsa. Duwatsun tsallake kuwa ko motsi, sai ƙara haske suke. Ruwan shuɗi ne har ƙasa, inuwarmu na bin mu a can ciki. Iska ta cire min baƙin ɗankwali ta tafi da shi, ban ko waiwaya ba.

Da gudun ya kai ƙarshe sai jirgin ya fara rawa, dama, hagu, dama, kamar zai tuma. Zoya ta dafa hannuna ta ce rage kaɗan, kada ki yi kokawa da shi, tsofaffin jirage haka suke in sun ji daɗi. Na rage, ya nutsu. Na karya kwana, ya kwanta a gefensa ya yanka ruwan tsaf, feshi ya jiƙa Auta sharkaf. Yana ta ihu wai a sauke shi yana da 'ya'ya.

Da muka fito ya share fuska ya ce, "Jenge, tumakina sun gaishe ki, sun ce za su ci gaba da sha a rafi." Idonsa ja. Ya ce ruwa ne.

Sai da na zo wanke kofuna na lura, duk tsawon gudun nan ban tuna Duishon ba ko sau ɗaya. Na tsaya da kofi a hannu na daɗe.

Asabar, 7 ga Oktoba

An yi sadaka. Jama'a sun cika gida, naman doki ya isa kowa, liman ya yi addu'a mai tsawo. An raba rigunansa da hulunansa, Auta ya ɗauki agogon. Da aka zo kan jirgi ya ce wannan na Jenge ne, dattawa suka amince. Matan dangi sun cire min baƙaƙen kaya sun sa min riga mai furanni. Allah ya jiƙan ka, Duishon, ya sa ka huta.

Talata, 10 ga Oktoba

Mun fitar da Chardak tudu. Yana kan tayoyi a gindin tuffa, hancinsa sama, na cire toshiyar baya don ya tsane, na lulluɓe shi da tamfol. Nan zai yi hunturu. Maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga ya ce tafkin ne ya fara daskarewa ba mu sani ba? Na ce a'a, jirgina ne ba ya son kwanan ruwa.

Da safe na leƙa ta taga, jarka kaɗai ke yawo a wurin. Na ɗauka zai yi min ciwo fiye da haka.

Ka iya tuƙi, Duishon, ba wanda ya kama ƙafarka. Amma ba borsok ba ne.

Na hau rumfa ɗauko buhun zuba tuffa, sai na sauko da allunan nan, tunda ina wurin. Don dai in ga ko ƙwari sun ci. Ba su ci ba. Robar ƙafar ce ta bushe, Zoya ta ce ana samu a birnin Bishkek, wai kafin Yuni ruwa ya yi ɗumi. Ni ban ce mata komai ba, tambaya kawai na yi.

Na ci burodi da man shanu da yamma. Na ƙara.