Inci Biyu a Gaban Motar Reino

Litinin, 16 ga Oktoba

Na maƙala garmar share ƙanƙara a gaban a-kori-kurar mijina Reino, ni kaɗai, awa biyu ina fama. Ina isa kwarin nan na bakin ƙofa sai ƙarfen ya daki ƙasa, har a haƙorana na ji. Gaban motar ya sunkuya kamar tsohuwa mai neman allura. Reino ya ce zai gyara da kaka. Bai kai kakar ba.

Noreen ta kira daga garin Green Bay. "Mama, maganarmu tana nan fa. Ƙanƙarar farko, in ba ki iya share hanyarki ba, zan zo in ɗauke ki." Rabin mil ne daga nan zuwa titi. 'Yar da na haifa ce take ba ni wa'adi! Shekara arba'in da ɗaya ina gidan nan, ba zan ƙare a ɗakin da take ajiye keken ɗinki ba.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Na auna tsayin gaba da na baya, garmar tana jiki. Bambancin inci uku. Na shiga gari, mai shagon kayan mota ya nuna mini zobban ƙarfe da ake ɗorawa a kan shokozoba don su ɗaga gaba, akwai na inci biyu, akwai na uku. Na ɗauki na uku, ai lissafi ne.

"Arvid ne zai ɗaura miki?" in ji shi. Na ce ina da hannu.

Arvid ƙanin Reino ne, bakanike, gidansa mil ɗaya da nawa. Ranar jana'iza, ko kofi ba a gama sha ba, ya ce in bar masa motar. Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma a tsaye.

Har yanzu da filo biyu a bayana nake tuƙi. Kujerar tana inda Reino ya bar ta, kuma nan za ta zauna.

Asabar, 21 ga Oktoba

Na ɗaga motar, na cire taya. Noti ɗaya ya ƙi motsi, gishirin da ake zuba wa titi don narkar da ƙanƙara ya cinye shi. Na zauna a kan tayar na yi kuka. Ba don notin ba.

Talata, 24 ga Oktoba

Sai ga Arvid, ba wanda ya kira shi. Ashe mai shago ya kai rahoto. Garin nan in ka yi atishawa a coci, kafin ka isa gida an kawo maka miya.

Ya juya zoben a hannunsa ya ce, "Matar yaya, jirgin sama za ki haɗa?"

Na ce na auna.

"Da garma a jiki kika auna. Ran da kika sauke ta da bazara, motar nan sama za ta riƙa kallo, kuma kafin nan gaɓoɓin ƙafarta sun gama aiki. Biyu ya ishe ki." Ya leƙa bayan motar. "Ina buhunan yashin Yaya?"

Buhu takwas ne, na ɗauka tarkace ne, tun watan Yuni na juye su a gadon karas ɗina. Ashe nauyinsu ne yake danne baya, gaba ya ɗan tashi. Ya yi dariya har da riƙe ƙofa. "To, Allah ya sa karas ɗin ya yi daɗi."

Ya yi daɗi kuwa. Amma kunya kamar in nutse.

Laraba, 25 ga Oktoba

Na mayar da na uku, na karɓo na biyu. Mai shago ya canza mini ba tare da tsokana ba, Allah ya saka masa.

Asabar, 28 ga Oktoba

Mun ɗaura! Ko in ce na ɗaura. Arvid ya kama sifana, na ga hannunsa na dama ba ya ɗaguwa sama da ƙirji. Kafaɗar ta mutu tun bara, bai gaya wa kowa ba. Sai ya zauna a kan bokiti yana ba da umarni kamar shugaban ƙasa, ni ina ƙasa ina shan tsatsa. Notin nan da ya sa ni kuka, gasa shi ya yi da wuta, ya zura wa sifanar dogon bututu, na ja sau ɗaya ya saki.

"Kar ki sa fuskarki a gaban sifirin, matar yaya. Kin san ba ki da wata."

Muna shan kofi na kasa riƙewa, na tambaye shi maganar jana'iza. Ya ce tasa motar ba ta da wurin maƙala garma, Reino ne yake share masa hanya shekara ashirin. So ya yi ya karɓi motar ya riƙa share tawa da tasa. "Bakina ne bai san lokaci ba," in ji shi.

Wata bakwai ina riƙe da mutum a zuci a kan alherin da ya yi niyya. Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa shi har da kunne biyu. Na gasa masa burodi mai nama da dankali guda shida. Ya ce gishiri ya yi kaɗan, ya cinye biyu a tsaye.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Na kai an saita tayoyi, na sayo yashi buhu takwas. Kan hanyar dawowa da yamma duk motar da na haɗu da ita sai ta ƙyafta mini fitila. Ni kuwa ina ta ɗaga hannu, na zaci gaisuwa ce. Arvid ya ce a waya, "Gaisuwa? Zaginki suke, kin kashe musu ido! Kin ɗaga gaba, fitilu sun ɗagu."

Ya ce in duba bangon gareji. Na duba. Layi biyu da fensir, rubutun Reino a gefe, da shekara. Kullum ina wucewa ban taɓa lura ba. Na ja motar baya taku goma na kunna, hasken ya wuce layinsa sosai. Na murɗa masaitin fitilun har hasken ya sauko daidai yadda Arvid ya ce, amma sabon wurin yana ɗan sama da na Reino. Na daɗe da fensir a hannu kafin na ja nawa. Nasa ban goge ba.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Shiru. Ban taɓa ƙosawa ƙanƙara ta zo ba sai bana.

Litinin, 27 ga Nuwamba

Ta sauka, har gwiwa. Ƙarfe bakwai na fita. Da na zo kwarin bakin ƙofa na riƙe numfashi, garmar ta wuce ko gogar ƙasa ba ta yi ba. Na share tawa har titi, na zarce na share ta Arvid. Ya fito baranda da rigar barci yana ihu wai na kusa kwashe masa akwatin wasiƙa. Ƙarya yake, da saura taku guda.

Na aika wa Noreen hoton hanya. Ta kira ni. "To, Mama. Kin ci." Na ce ta zo Kirsimeti, hanya a buɗe take. Na san tsoro ne ya sa ta, ba raini ba, kuma na gode wa Allah da ya ba ni mai jin tsoro saboda ni.

Filon nan biyu suna ta zamewa in na waiga zan yi baya, har na kusa faɗawa rami. Dole ce ta sa na matso da kujerar gaba, ba wani abu ba. Ta yi ƙara kaɗan, ta tsaya daidai ƙafata.

Na shigo da filon cikin gida. Gobe ma an ce za ta sauka.