Launin Bayan Hannunki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna mai rini ta Ammariyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda 'ya take yi wa uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Safiya, autarki. Shekara uku ke nan da wata biyu da rabuwarmu, kuma ban zo da labari mai daɗi ba. Na rasa inda zan sa kaina, Inna.

Yau Laraba. Ina zaune a suɗuh, saman gidanmu, daidai kusurwar da kike kafa murhu. Tukunyar rininki ce a gabana, wadda bayan rasuwarki na ce a bai wa masu sayen gwangwan, Allah Ya sa aka manta da ita a bayan tankin ruwa. Ranar Asabar jikarki, takwararki, za ta yi rawa a gaban mutane, kuma safa ɗaya tak ta rage mini.

Bari in faro daga farko, tunda kin sha cewa ni daga wutsiya nake kama labari.

'Yata Walida ta cika goma. Har yau ban iya kiran ainihin sunanta ba, sunanki ne, bakina ba ya ɗauka. Kin tuna yadda take yawo a tsakar gida a kan 'yan yatsu, ke kuma kina tsokanarta, "Takwara, ƙasar ce take ƙona ki?" To, abin bai bar ta ba. Bara muka sa ta a wani wurin koyon bale na 'yan mata a arewacin Jidda. Rawar Turawa ce, babu kalangu babu guɗa, ƙafa ce take yin komai. Na san da kina nan sai kin ce rawar da ba a juya ƙugu ai motsa jiki ce. Babanta ya yi gunaguni da farko, amma da ya ji mata ne zalla, masu koyarwa da masu kallo, shi ne yake baro aiki daga Khumra, can kudancin gari, ya kai ta. Kuma ta iya, Inna. Wallahi ba don 'yata ce ba.

Watan jiya Abla, malamarsu, ta aiko da takarda. Za a yi hafla, bikin nuna rawa na ƙarshen shekara. Kowace yarinya za ta sa farar riga, da doguwar safa, wadda a nan muke ce wa hilahob, da takalmin rawa, su biyun launin fatarta, don a ga ƙafa tun daga cinya har yatsa kamar abu ɗaya.

Na je kanti. Launi ɗaya ne a rataye daga wannan bango zuwa wancan, kamar madarar da aka ɗiga wa shayi. Na tambayi mai kantin ko akwai mai duhu, ya kalle ni kamar na tambayi naman raƙumi a kantin magani, ya ce ai wannan shi ne launin jiki. Jikin wa? Ban tambaye shi ba, kunya ta kama ni. Na zaga kanti huɗu. Na duba ta waya, na ga ana yin masu duhu a wasu ƙasashe, amma mafi duhun ya ƙare, wanda ya rage kuma sai bayan hafla zai iso.

Sai na sayi farin. Na miƙa mata na ce, "Halas, shi ke nan, ki sa kawai, wa zai lura?" Wannan maganar ita ce take cina har yanzu.

An lura. Ranar gwaji Abla ta ɗauke su hoto ta turo wa iyaye. Yara goma sha biyu a jere, kowace ƙafarta tata ce, sai Walida a tsakiya, fuska baƙa mai sheƙi irin taki, hannaye baƙaƙe, ƙafafu farare tas. Wata yarinya ta tambaye ta wa ya ara mata ƙafafu, sauran suka yi dariya. Yara ne, ban riƙe su ba. Ta dawo gida ta ci abincinta ta yi aikin makaranta. Ni kuma sakarya na ɗauka abin ya wuce.

Yanzu zan faɗi abin da kika sani, wanda ban taɓa amsawa a gabanki ba.

Tun ina shekara goma sha tara nake shafa khalɗa, haɗin nan na mai da ake yi don fata ta yi haske. Kin taɓa tsintar kwalbar a ƙarƙashin katifata, kika hau suɗuh kika wurga ta lungu. Kika ce, "Safiya, wanda Ya yi ki bai yi kuskure ba." Washegari na sayo wata. Bayan aurena ma ban daina ba, na dai koyi ɓoyewa.

Kuma kin tuna ranar taron iyaye a makarantarmu? Na tsaya a bakin ƙofa ina murɗa gefen abayata, na roƙe ki ki sa safar hannu don kada 'yan ajinmu su ga yadda rini ya ci faratanki. Kika ɗauko ta. Kika sa, a cikin zafin Jidda, kika zauna awa biyu gumi yana bin gwiwar hannunki. Hannun da ya ciyar da mu, ya biya mana iƙama, takardar zaman ƙasa, shekara da shekaru. Duk ranar da kika kira ni in zo in ga yadda ake haɗa ruwa, sai in ce ina da karatu.

Juma'ar da ta wuce ina yi wa Walida kitso da hantsi, gwiwata ta taɓa ƙaurinta, ta yi ƙara. Na ɗaga wandonta. Inna, innalillahi. Daga gwiwa zuwa idon sawu fatar ta yi ja ta saɓule wuri-wuri. Kwana tara tana ɗibar khalɗata daga bayan kwabar kayan shafa, tana shafawa, tana naɗe ƙafafun da leda ta ɗora wando a kai, kamar yadda ta ga ina yi wa hannayena. Ban taɓa koya mata ba, kallo kawai ta yi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Likitar da na kai ta wurinta ta ba da man shafawa, ta ce za ta warke, za ma ta iya rawar Asabar idan aka naɗa mata bandeji mai laushi a ƙarƙashin safar. Sannan ta ɗago ta kalli bayan hannuna, ta kalli fuskata, ta ci gaba da rubutu. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A mota na tambayi Walida me ya sa. Kin san Hausarta, rabi Larabci. Ta ce, "Mama, hilahob ɗin duk iri ɗaya ne. Ni ce ghalaɗ." Wai ita ce kuskuren. Yarinya 'yar shekara goma, mai sunanki, mai fatarki.

Tun ranar ban huta ba. Na kira Abla na gaya mata komai. Ba muguwa ba ce, ta ce wallahi bai taɓa zuwa ranta ba, haka aka koya musu, haka ake sayarwa. Ta ce in na samo mai duhu ta yarda. Ita ce ma ta faɗa mini cewa bara wata baiwar Allah daga unguwar Mahjar ta cire 'yarta ana saura mako hafla, ba ta faɗi dalili ba. Ni na san dalilin. Ba wani abin a zo a gani muke nema ba, Inna. Zare ne da launi. Wanda ya iya yin safa launin madara ya iya yin launin goro, mantawa kawai ya yi akwai mu, yaranmu kuma suna fassara mantuwar da cewa su ne ba daidai ba.

Na sayo safa huɗu, iya abin da ya rage daidai ƙafarta, don duk makarantun rawa yanzu suke hafla. Na ce ai ni 'yar mai rini ce.

Kayya. Ta farko na sa mata rinin kanti na fakiti, ta fito ruwan hoda mai duhu kamar ɓawon albasa. Ta biyu na dafa ta da shayi da gahawa, ta yi wankan tarwaɗa, na ɗauraye ta rabin launin ya bi ruwa. Na kai wa Walida duk da haka, ta ɗora a cinyarta ta ajiye. Kama da wane ba ta wane.

Sai na tuna aiken da kike yi mini wurin aɗɗar, mai sayar da itatuwa a Balad, tsohuwar kasuwar gari. Bagaruwa, busasshen goro, ɗan lalle, da tsofaffin ƙusoshin da kike jiƙawa a gwangwani su yi tsatsa. Kayan duk na sani, ni nake ɗauko su ina ɓata rai. Nawa ake zubawa, me ke riga me, shi ne ban sani ba. Na zuba da ka. Takalman, da yake auduga ne, sun kama sun yi kyau, ban ma san yadda aka yi ba. Safa ta uku kuwa nailan ce, ta fito launin toka, dabbare-dabbare. Na zauna a nan na yi kuka kamar ranar da aka fita da ke.

Jiya na tafi Mahjar wurin Gwaggo Rabi, ƙawarki da kuka yi shekaru kuna rini tare. Ta tsufa ƙwarai, sau biyu tana kirana da sunan Yaya Hauwa. Na tambaye ta awo, cokali nawa, kofi nawa. Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Innarki da cokali? Ke dai ba ki zauna ba. Hannunta ne awo."

A nan abin ya faɗo mini. Ina ganinki yanzu kamar a gabana. Ki tsoma ƙyalle, ki matse, ki shimfiɗa shi a bayan hannunki na hagu, ki juya wa rana. "Idan ya ɓace a bayan hannuna, ya nuna." Launin da matan Ammariyya suke layi a kansa don mayafansu da zaren hula, wanda suke ce wa ruwan Inna, ashe fatarki ce kike sayar musu. Ita ce na sa kika rufe da safar hannu.

Aɗɗar ya ce nailan sai da ɗan khal, ruwan tsamin nan, da wuta kaɗan-kaɗan. Yau bayan azahar na kafa tukunya. Na yanyanka farar safar hoton nan ƙyalle-ƙyalle don gwaji, kuma ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗin sa mata almakashi. Na tsoma na farko, na matse, na shimfiɗa a bayan hannuna kamar yadda kike yi.

Hannuna ba ya awo, Inna. Nan fari, nan ja, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin. Shekara goma sha shida ina goge ma'aunin da kika bar mini. Da na sani ƙeya ce.

Ina cikin haka na ji motsi. Walida ce a bakin matakala, ta ja hannun rigarta ya rufe har yatsu, haka take yi tun ranar hoton. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Na sauka na kwaso kwalaben khalɗa duka uku, na juye su a bokitin shara a gabanta. Na nuna mata hannayena a rana, na gaya mata yadda suke kafin in lalata su. Na ba ta labarin taron iyaye da safar hannu, ban rage komai ba. Na ce mata Sittinta, kakarta, da hannu take awo, nawa ya mutu, a duk gidan nan nata ne kaɗai ya rage irin naki.

Ta daɗe tana kallon tukunyar. Na ɗauka juyawa za ta yi, kuma da ta juya ba zan ga laifinta ba. Sai ta zo ta tsuguna, daidai inda kike tsugunawa, ta naɗe hannun riga ta miƙo na hagu. Ni ban gaya mata na hagu ba ne.

Na shimfiɗa ƙyallen. Ya yi duhu, amma ana ganinsa sarai. Na fara neman abin da zan ce mata don kada ta karaya. Ita kuwa ta juya wa rana hannun, ta ƙanƙance ido, ta ce, "Lissa, Mama. Bai kai ni ba tukuna. Ki ƙara."

Bai kai ta ba. Kin ji, Inna? Kin ji takwararki?

Yanzu ta sauka ta yi sallar la'asar, ta ce kada in tsoma na gaba sai ta dawo. Ni kuma ga ni da gwangwanin ruwan tsatsa a hannu, ban san ko ɗigo uku ne ko biyar ba, kuma na ga abin da ya yi wa ta uku. Safa ɗaya ce, babu wata a garin nan. Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji. Na san ba za ki karanta wannan ba, matan unguwa ne za su gani a wayoyinsu idan na tura musu, to idan a cikinsu akwai wadda ta zauna kusa da tukunyarki lokacin da 'yarki ta ƙi zama, ƙofarmu ba ta canza ba.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya hannayen nan da na sa suka yi gumi. Ya yafe mini, ke ma ki yafe mini. Ya warkar da ƙafafun Walida, Ya sa kada ta sake duban jikinta ta kira shi kuskure. Ya kama hannuna a kan tukunyar nan, har ƙyallen ya ɓace a bayan nata. Amin.

Ina jin takunta a matakala, a kan 'yan yatsu.

'Yarki da ta ƙi zama ta koya,
Safiya
Daga suɗuh, Ammariyya, Jidda