Wa Zai Karanta wa Kaka?

Suwon, 7 ga Maris, 1993

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa ta girmamawa, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Yaya sanyi, yaya gwiwar? Na san iskar teku ba ta sassauta ba tukuna. Ku daure ku riƙa sa rigar nan mai auduga idan za ku fita.

Mun sauka lafiya. Da-rae ta yi amai sau biyu a jirgin ruwa, amma a jirgin ƙasa barci ta yi har muka iso. Ɗakin da muka samu yana can ƙasan wani gida, tagarsa daidai da ƙafafun masu wucewa. Daɓensa yana ɗumi, ruwa ma yana zuwa. Na fara aiki a wani shagon ɗinki, ina kafa wa riguna hannu daga safe zuwa yamma.

Baba, da ma kun ga makarantar. Bene ne hawa huɗu. Aji biyar kaɗai an raba shi gida bakwai. Akwai ɗaki guda da babu komai a cikinsa sai littattafai, har sama. Da-rae ta tsaya a ƙofar ta tambaye ni a hankali, "Mama, duk na mutum ɗaya ne?" A tsibirinmu kuwa yara uku ne, Malam Pyo shi kaɗai yake juyi tsakanin aji biyu da aji biyar da aji shida. Nan da shekara biyu dole ta bar tsibirin ko ana so ko ba a so, tunda babu sakandare a can. Na ga gara ta fita ina riƙe da hannunta.

Ban manta abin da kuka faɗa ba ranar da na sanar da ku. Kun ajiye cokali kuka ce, "Teku ta ɗauke mini ɗa, ke kuma za ki ɗauke mini jika." Abin da na sani kawai, baban Da-rae ya sha gaya mini ba ya so 'yarsa ta tsufa hannunta na cikin ruwan gishiri.

Da safen da muka taho kun riga kun fita wajen igiyoyin ganyen teku. Da-rae ta tsaya a bayan jirgi tana duba kwalekwalenku har tsibirin ya ɓace.

Na san idonku ba ya son ƙananan rubutu, shi ya sa na ƙara wa baƙaƙen girma. Ko layi biyu ne ku aiko mana.

Ku huta lafiya.
Surukarku, Gil-sun

Suwon, 25 ga Afrilu, 1993

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ku da girmamawa. Nan furanni sun buɗe har sun zube. Can na san an fara shanya ƙananan kifi, wani lokaci ina cikin ɗinki sai in ji kamar ƙamshinsu ya wuce ta gabana.

Mako bakwai ke nan. Kullum na dawo sai na zura hannu cikin akwatin wasiƙa, ko da ina ganin babu komai. Na buga waya gidan mai gari, matarsa ta ce lafiyarku ƙalau, amma da aka aika a kira ku kun ce ku ba ku magana da igiya.

Da-rae ba ta jin daɗi. A mako na biyu malamarsu ta sa ta tashi ta yi karatu, da ta buɗe baki aka ji harshen tsibiri, sai ajin ya ɗauki dariya. Wata yarinya ta ce, "Sake faɗa mana, 'yar kifi!" Tun ranar ba ta ƙara ɗaga hannu ba. A lissafi ita ce ta huɗu cikin yara arba'in da takwas, amma takardar a ƙasan jaka na tsince ta a cukuikuye. Shinkafa rabin kwano take ci. Ta ce kimchin kasuwa, jiƙaƙƙen kabejin nan mai yaji, ba ya da ɗanɗanon komai, kuma gaskiyarta ne.

Jiya ta gan ni na ɗauko takarda sai ta ce, "Mama, ki daina wahalar da kanki. Kaka ba zai amsa ba."

Na ce, "Ke wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Ba zai amsa ba dai." Ta juya fuskarta bango.

Baba, shekara goma sha biyu na zauna a gidanku, huɗu daga ciki babu ɗanku. Ban taɓa ɗaga muku murya ba, yau ma ba zan fara ba. Idan fushi ne, ku yi da ni, na ɗauka. Amma yarinyar me ta yi?

Ku huta lafiya.
Surukarku, Gil-sun

Tsibiri, 19 ga Mayu, 1993

Zuwa ga mahaifiyar Da-rae,

Bayan gaisuwa, ni ne Pyo, malamin makaranta. Surukinki Dattijo Ma yana zaune a gabana. Ya ce in rubuta maganarsa yadda ta fito, kada in sa mata gishiri. Ga ta.

Uwar Da-rae. Ina lafiya. Gwiwa tana nan inda kika bar ta.

Wasiƙunki biyu sun zo. Na buɗe su, na duba, na mayar cikin aljihu. Ban san abin da ke ciki ba sai yau da Malam ya karanta mini. Idona lafiyarsa ƙalau, ina hango garken kifi kafin samarin nan su gani. Karatu ne ban iya ba. Ko sunana ban iya ba. To, kin ji.

Ina shekara tara aka jefa ni cikin kwalekwale, ban taɓa taka aji ba. Matata ce take karanta mini, da ta rasu sai ɗana Yong-bae ya karɓa, da teku ta tafi da shi sai Da-rae. Takardar ƙungiyar masunta, takardar magani, duk ita ce. Mukan je bayan rumbun kifi a ce gyaran koma muke yi. Na sa ta yi mini alkawarin ba za ta gaya wa kowa ba, har ke. Ya za a yi mutum ya tsaya gaban surukarsa ya ce shi jahili ne?

Wancan watan jirgin asibiti ya kawo sabon magani, fakitin ya canza kala. Na sha na safe da yamma, na yamma da safe, wani lokaci duka biyu. Ranar Litinin jiri ya ɗauke ni na faɗi a bakin gadar da jirgi ke tsayawa, kaina ya ɗan fashe. Malam ne ya ɗaga ni, wasiƙun suka zubo daga aljihu duk sun yi laushi. Ya ce, "Dattijo, ba ku ba su amsa ba?" Na zage shi. Bayan nan na faɗa masa gaskiya.

Maganar da na yi miki ranar da na ajiye cokali, tsoro ne ya faɗe ta, ba ni ba.

Ki ce wa Da-rae na sake ta daga alkawari. Yarinyar da ta ce mata 'yar kifi kuwa, a tambaye ta uban me take ci da shinkafa. Malam, rubuta haka nan, ban ce ka gyara ba.

Na aiko da ganyen teku da busasshen kifi. Ki dafa mata miya irin ta gida.

Ma Deok-chil

Ƙarin bayani daga gare ni: raunin ba mai zurfi ba ne, ɗinki uku ne. Maganin na ware masa shi a kwano biyu. Kada hankalinki ya tashi.

Pyo

Suwon, 30 ga Mayu, 1993

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ku, ina kuma gaishe da Malam Pyo da zai karanta wannan. Yaya kan? Kada ku bari ruwan teku ya taɓa wurin.

Wasiƙar ta iso ranar Asabar. A tsaye na karanta ta a bakin ƙofa, ban ko cire takalmi ba. Na riƙa tuna yadda kuke miƙo mini takarda ku ce tabarau ya karye, ni kuma in yi ta mita a raina wai tsoho ya ƙi sayen sabo. Shekara goma sha biyu ina zuba muku ruwan sha'ir ban gani ba.

Da Da-rae ta dawo na karanta mata. Da na kai wajen faɗuwar ta saki kukan da ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar makokin babanta. Tana cewa, "Na sani! Na san watan Afrilu za a kawo sabo! Ni nake ɗaura wa na safe jan zare!" Ashe abin da ke hana ta cin abinci ke nan. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya tana ɗauke da wannan ita kaɗai, ni kuwa ina ta yaba mata ɗakin littattafai.

Da ta yi shiru na tambaye ta yadda aka yi ta gane ba ku iya karatu ba. Ta ce tana aji ɗaya ta rubuta sunan karenmu a allo ta kawo muku, ta ce sunanta ne. Kuka duba kuka ce, "Kai, wannan suna ya yi kyau, ya dace da ke." Muka yi dariya har hawaye ya sake zubowa. Daren nan ta ci kwano biyu da miyar ganyen da kuka aiko.

Baba, kun ce ya za a yi mutum ya tsaya gaban surukarsa. Ni ce ban san yadda zan tsaya gabanku ba. Ku kuka koya mini gane ruwan sama tun kafin gajimare ya taru. Ku kuka riƙe mu shekara huɗu da wannan gwiwar.

Yanzu ga maganata. Ko dai ku taho ku zauna da mu, ɗakin ƙarami ne amma za mu rataya labule. Ko kuma mu tattara mu dawo idan zango ya ƙare. Na tambayi Da-rae, ta ce tana son malamar lissafi, ta kuma yi ƙawa ɗaya mai suna Hye-ok, amma ta fi son Kaka. Ni ma wasu ranakun idan na hango ƙafafun mutane ta tagar nan, sai in ji ba abin da nake so irin in buɗe ƙofa in ga ruwa. Abin da kuka zaɓa shi za a yi.

Ku huta lafiya.
Surukarku, Gil-sun

Tsibiri, 12 ga Oktoba, 1993

Uwar Da-rae,

Malam ne dai yake rubutawa. Ina lafiya.

Na ji kun zo har bakin ruwa a Mokpo don bikin girbi, kuka kwana biyu kuna jira, guguwa ta hana jirgi tashi. Ni ma ina kan gada kwana biyun nan. Na ajiye wa marigayi Yong-bae tuwon shinkafarsa yadda aka saba a bikin, na gaya masa 'yarsa ta zama ta biyu a lissafi. Abin da na dafa muku na raba wa maƙwabta.

Kin sake tambayata a wasiƙu uku, amsar ba ta canza ba tun damina. Ba zan zo in zauna bayan labule ina ƙirga takalman mutane ba. Ku kuma ba za ku dawo ba. Takarda ta zo daga hukuma, za a rufe makarantar nan ƙarshen Fabrairu, Malam kuma an mai da shi wani gari. Kada ki ce don kin cire Da-rae ne. Rufin ya daɗe yana yoyo, ba ke kika huda shi ba. Da kin saurare ni, da yanzu yarinyar ba ta da aji.

Ki gaya wa Da-rae kujerarta ba ta zauna banza ba. Idan an tashi yara, ni nake zama a kai. Gwiwata ba ta shiga ƙarƙashin teburin, a karkace nake zama. Ashe baƙaƙen ashirin da huɗu ne kacal! Shekara sittin ina gudun abu ashirin da huɗu. Na ji haushi ƙwarai. Na ce wa Malam, "Shi ke nan? Babu wasu da ka ɓoye?" Ya ce in iya waɗannan tukuna. Fensirin ne matsala, igiya ta cinye mini yatsu, na karya biyar. Malam yana dariya yanzu, wai bakwai ne. Ƙarya yake.

Gidan ya yi girma. Da yamma nakan zuba shinkafa, sai in ga na ɗebo ta mutum uku.

Ki sa wa yarinya riga mai kauri, an ce sanyin can ba ya da tausayi. Ke ma ki ci abinci.

Ma Deok-chil

Tsibiri, 27 ga Fabrairu, 1994

Gil-sun. Da-rae.

Ina gaisuwa. Ni ne na rubuta da hannuna. Kwana uku na yi.

Malam ya tafi jiya. An sa kwaɗo a makaranta.

Wasiƙar Da-rae na karanta ni kaɗai. Kalma biyu sun fi ƙarfina, na tsallake.

Ku riƙa rubutowa gajere. Amma kullum.

Ina so in gan ku.

Kaka