Baƙuwar Layinmu da Hannun Autana

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Lasisin Makamai,
Hedikwatar 'Yan Sanda ta Yanki.

Daga:
Tsohuwar Shugabar Makarantar Firamare (mai ritaya),
Gida na ƙarshe, Layin Bayan Makaranta,
Rukunin Gidajen Ma'aikata.

5 ga Yuni, 2023.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN SHUGABAN KWAMITIN LAYINMU DA JAMI'INKU MAI DUBA MA'AJIN BINDIGA, TARE DA ROƘON DAKATAR DA SABUNTA LASISI

Bayan gaisuwa da girmamawar da ta dace da ofishinka, ina neman izinin gabatar da kokena a kan mutum biyu. Na farko maƙwabcina ne, ɗan kasuwar kayan gini kuma shugaban kwamitin layinmu, wanda yaro da babba ke kira Alhaji Ko-ta-kwana saboda yawan faɗin cewa shi kullum a shirye yake kwana. Na biyu jami'inku ne da ke zuwa duba inda masu lasisi ke ajiye bindigoginsu. Wanda aka cuta ɗana ne, autana, mai gyaran wuta, ɗan shekara ashirin da takwas. Ni nake rubutawa a madadinsa domin hannun da zai riƙe biro da shi yanzu babu.

An shirya zuwa duba ma'aji a layinmu ranar Alhamis 8 ga wannan wata domin sabunta lasisi. Idan aka sa hannu a takardar Ko-ta-kwana ran nan, bindigar da ta cinye hannun ɗana za ta koma gidansa da albarkar hukuma, shi kuwa ɗana ya ci gaba da amsa sunan ɓarawo. Abin da nake roƙon ka hana ke nan, ga kuma dalilaina.

1. Ƙa'idar ofishinku, kamar yadda take manne a allon sanarwarku, ta ce duk mai bindiga ya mallaki akwatin ƙarfe mai makulli, a kafe shi jikin bango da kusoshi, a ajiye bindigar ciki ba harsashi a cikinta. Gidaje shida ne masu lasisi a layinmu. Ina sanar da kai, ranka ya daɗe, cewa akwatin ƙarfe ɗaya tal gidajen nan shida suke da shi. Karo-karo suka yi suka saya, wai don me kowa zai ɓata kuɗi a kan abin da sau ɗaya ake dubawa a shekara. Kore ne, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. 'Yan layi suna kiransa Baƙuwa, domin ba ya daɗewa a gida guda.

2. Ga yadda ake duba ma'aji a wurinmu. Jami'inku yakan bugo wa Ko-ta-kwana waya tun ana saura kwanaki, ya faɗa masa gidan da zai fara da wanda zai bi baya. Ranar dubawa a goge Baƙuwa tas, a jingina ta da bangon gidan farko, a sa bindiga ciki. Jami'i ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya sa hannu. Daga nan a ja shi falo a cika masa gaba da abinci da lemo, yana ci yana ba da labarin aiki, masu baro kuma suna haki da Baƙuwa ta bayan gidaje zuwa gida na biyu. Haka zai ci sau shida a wuni ɗaya. Ban taɓa jin ya yi mamakin yadda mutum shida suka zaɓi kore ba, ban kuma taɓa jin ya sa hannu ya girgiza akwatin ya ji ko a kafe yake ba. Mu matan layi har dariya abin yake ba mu, muna cewa baƙuwar nan ta fi kowa zumunci. Yanzu na daina dariyar.

3. Ranar Talata 14 ga Maris, da hantsi, Ko-ta-kwana ya aiko a kira autana ya duba masa fankar ɗakin kwanansa da ta daina juyawa. Yaron nan Baba yake ce masa. Ko karin kumallonsa bai ƙarasa ba ya ɗauki jakarsa da tsani ya tafi, ya ce mini yanzu zai dawo.

A kusurwar silin ɗakin, daidai saman kan gado, akwai murfin da ake ɗagawa a shiga sama. A nan Ko-ta-kwana yake ajiye bindigarsa, da harsashi a ciki, a ɗane, a nannaɗe cikin tsohon labule, bakinta na kallon murfin. Ya ɗaura mata siririyar igiya ya bar bakin igiyar a gefen murfi, wai idan ɓarayi suka shigo ya miƙe tsaye a kan gado ya jawo ta ba tare da lalube ba. Wannan ita ce dabarar mutumin da ke yi wa layi lacca a kan tsaro a kowane taro.

Duk mai gyaran wuta ya san magina kan bar igiya a cikin silin domin jan waya, kuma idan ya ɗaga murfi ita yake fara nema. Ɗana ya ɗaga murfi, ya ga igiya inda ya saba ganinta, ya ja da hagu, hannunsa na dama yana dafe da bakin ramin. Igiyar ta riga ta zame ta maƙale a kunamar bindiga. Maigidan yana tsaye a ƙofar ɗaki yana kallonsa yana hawa tsani, yana ba shi labarin tsadar siminti, bai ce masa dakata ba. Daga baya ya gaya wa mutane wai mantawa ya yi. Mutum ya manta da carbinsa, ya manta da tabarau, na ji. Amma bindiga ɗananniya a saman kansa?

4. Na ji ƙarar ina shanya. Na isa gidan da ƙafata ba takalmi, na sami ɗana kwance a ƙasan tsani, uwargidan gidan ta cire ɗankwalinta ta ɗaure masa tsintsiyar hannu tana kuka tana neman mota. Ina so a rubuta cewa ba ni da ƙorafi a kan wannan baiwar Allah, ba don ita ba, da jini ya ƙare masa. Mijinta kuwa yana tsakar gida riƙe da waya. Na ɗauka asibiti yake kira. Ashe masu baro yake nema su kawo masa Baƙuwa daga gida na huɗu kafin 'yan sanda su iso. Motarsa tana ajiye a inuwa an lulluɓe ta da tamfol, bai ko taɓa makullinta ba. A motar haya muka kai ɗana, kansa a cinyata, kuma kafin mu fita layi na ga baron yana shigowa.

Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu. Babban yatsa, manuniya da na tsakiya sun tafi, sauran biyun suna nan amma ba sa lanƙwasuwa. Da waɗannan yatsu ukun yake riƙe filaya, da su yake fere waya, da su yake ciyar da matarsa da ni.

5. Ranar Juma'a 17 ga Maris jami'inku ya miƙa rahotonsa. A ciki ya ce ya duba gidan ya sami akwatin ƙarfe daidai da ƙa'ida, kuma bisa bayanin maigida, mai gyaran wuta ne ya ɗauki makulli a kan durowa ya buɗe akwatin ya ciro bindigar, ta tashi a hannunsa. Bai ɗaga kai ya dubi murfin silin da harsashi ya farfasa ba. Bai tambayi yadda mutum zai harbi hannunsa na dama da doguwar bindiga yana kan tsani ba. Washegari an canza murfin, an yi wa ɗakin sabon fenti, wai dama lokacin fenti ya yi.

Saboda wannan rahoto an kira ɗana ofishin 'yan sanda har sau uku, da bandeji a hannu, ana tambayarsa wa ya aike shi satar makami. Gidajen da ke ba shi makullinsu su tafi aiki su bar shi shi kaɗai, yanzu idan matarsa ta wuce sai a bi ta da ido. Hannun bai ishe su ba, sai da suka haɗa da sunansa.

6. Ranar 3 ga Afrilu na kawo ƙorafi ofishinku da baki. Aka ce in jira. Da na gama jira aka tura ni tebur na ƙarshe, na je na tarar jami'in da nake ƙara shi ne zaune a teburin. Ya miƙe ya ba ni kujera, ya kira ni Mama, ya ce in bar wa Allah. Na gode masa, domin ban iya rashin kunya a ofishin hukuma ba, amma tun daga ran nan ban sake yin barci mai daɗi ba.

7. Dattawan layi sun zo gidana sau biyu neman sulhu, biyar daga cikinsu masu hannun jari a Baƙuwa. Sun ce tsautsayi ne, sun ce maƙwabtaka, sun ce idan maganar ta fita duk layi ne zai ji kunya. Ko-ta-kwana da kansa bai tako ba. Kwalin madara da katan ɗin lemo ya aiko, na sa aka mayar masa har ƙofar gida. 'Ya'yansa huɗu ni na koya musu riƙe fensir, na kama hannun kowannensu na ɗora a kan layi har ya iya. Ya rasa abin da zai saka mini da shi sai hannun nawa ɗan.

Ba zan ɓoye maka ba, ranka ya daɗe, ba sulhu nake nema ba kuma ban yafe ba. Na tsani mutumin nan, tsanar da ban san akwai irinta a zuciyata ba sai bana. Idan na ji muryarsa ta katanga yana yi wa masu gadi faɗa a kan sakaci, sai in ture kwanon abincina in shige ɗaki.

8. Ina kuma sanar da ofishinka wani abu kafin wani ya riga ni ya juya shi. Ranar Asabar 3 ga wannan wata, ana shirin zuwan jami'inku, masu baro suka ɗauko Baƙuwa za su kai ta gidan farko. Tayar baron ta fashe daidai ƙofar gidana. Suka yi sallama suka roƙi in bar su su shigar da kayan gareji su je su nemo mai faci. Na ce bismillah, har ruwan sanyi na ba su. Suna juya baya na rufe garejin na sa kwado biyu.

Tun daga lokacin layinmu bai zauna ba. An aiko da lallashi, an aiko da barazanar za a kai ni ƙara kan sata, jiya har Ko-ta-kwana ya gano hanyar gidana, ya tsaya a waje yana kirana Hajiya Malama da muryar da ban san yana da ita ba. Ban buɗe ba. Ban saci kayan kowa ba, shaida nake tsarewa, kuma ba zan miƙa ta ga kowa ba sai ga wanda ka aiko da takardarka. Tun shekaranjiya ake jin ƙarar huda bango a gidaje shida. Idan mutanenka suka ga sababbin akwatuna, su sa yatsa su taɓa simintin da ke kewaye da kusoshin, za su ji bai bushe ba.

Bisa waɗannan dalilai, cikin ladabi nake roƙon:

(a) A dakatar da sabunta lasisin gidajen nan shida, a turo wani jami'i daban, ba tare da an buga wa kowa waya ba, ya fara da garejina.

(b) A soke rahoton 17 ga Maris, a kankare sabon fentin ɗakin a dubi katakon silin, a wanke ɗana a rubuce, a karanta takardar a taron kwamitin layi inda aka fara kiransa ɓarawo.

(c) A binciki jami'inku, a hukunta shi gwargwadon abin da sa hannunsa ya jawo.

(d) A ƙwace lasisin Ko-ta-kwana har abada, a gurfanar da shi gaban kotu kan sakaci da ƙarya ga hukuma. Ina roƙon kada a karɓi bindigar a ɓoye ko a bar shi ya aiko direba da ita. A zo da rana tsaka, lokacin da layi ke cike, ya ɗauko ta da kansa ya taka da ita har motarku.

Autana ya roƙe ni in bar maganar. Yaro ne mai sanyin hali, ya ce shi ya haƙura. Haƙurinsa nasa ne, ban hana shi ba. Amma a kwanakin da matarsa ke fita aiki da sassafe, ni ce nake ɗaure masa mazugin wando, ƙato da gemunsa, yana kau da kai gefe don kada mu haɗa ido. Wanda ya sa ɗana yake jin kunyar uwarsa, ina so in tsaya a ƙofar gidana in ga ya rasa inda zai sa idonsa a gaban jama'a. Ko rana ɗaya ce ta ishe ni.

Ina jiran matakinka kafin safiyar Alhamis. Allah ya ƙara maka girma, ya sa adalci ya fito ta hannunka.

Taka mai biyayya ga hukuma,

(sa hannu)
Mahaifiyar mai gyaran wuta,
Tsohuwar Shugabar Makarantar Firamare.